Na Zaune Bai Ga Gari Ba? Amsa Ga Direban Da Karaya Ta Kwantar

Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne, shekarata 52, na yi 27 daga cikinsu a kan hanya. Na yi Kano zuwa Ikko da shanu, in dawo da goro daga Shagamu. Na yi Agadas ta Damagaram da ta Tawa, na yi Maiduguri har Kusiri da Injamena. Wata uku ke nan da tayar gaba ta fashe mini da lodi, na karye a cinya, aka sa mini ƙarfe. Likita ya ce in manta da sitiyari sai nan da wata shida ko fiye. Malam, tun da na yi aure ban taɓa yin mako biyu a jere a gida ba. Yanzu ɗaki ya zame mini kurkuku. Ba na barci da dare, in na ji ƙarar babbar mota a titi sai ƙirjina ya yi nauyi. Na zama mafaɗaci, uwargidana ba ta yi mini komai ba amma kullum sai na ɓata mata rai. 'Yata da ke jami'a ta kawo mini littattafai, wai in na karanta zan ga duniya ina kwance. Na ce mata na zaune bai ga gari ba, na tura su ƙarƙashin gado, ta fita tana hawaye. Na gama firamare, ina karanta Hausa sarai da ɗan ajami, Turanci kuwa sai na hanya. Shin da gaske takarda za ta iya maye wa mutum gurbin tafiya, ko dai lallashina ake yi kamar yaro?

Direba a kwance, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu ƙanena, sannu da jiki. A ce tayar gaba ta fashe da lodi, mutum ya fito da karayar cinya kaɗai, abin godiya ne ga Allah, na kuma san ka gode. Allah ya sa kaffara ce, ya tashi kafaɗunka.

Tunda ba ka yi kwana-kwana a tambayarka ba, ni ma ba zan yi ba. A'a, takarda ba za ta maye maka gurbin hanya ba. Babu littafin da zai hura maka sanyin asuba idan ka baro Tegina ka doshi Makwa, ko ya miƙo maka shayi mai kauri a tashar da mai shayin ya san sunanka, ya san yawan sukarin da kake sha. Magabatan da suka ce zuwa da kai ya fi aike, gani kuma ya kori ji, sun san abin da suke faɗa. Abin da ya kuɓuce maka a watannin nan sana'arka ce, da abokan da ba ka gamuwa da su sai a hanya, da girman nan da magidanci yake ji idan ya yi sallama a ƙofar gida, yaron mota na biye da shi da doya da kwandon lemo. Duk wanda ya ce maka wannan ƙaramin rashi ne, bai taɓa ciyar da gida da guminsa ba. Don haka ka kwantar da hankalinka, ban zo lallashinka ba.

Sai dai ni ma ina da tambaya. Sau nawa ka shiga Agadas, me kuma ka gani a cikinta? Ina jin na san amsar: wurin sauke kaya, shingen jandarma, rumfar da kuke cin abinci, da masallacin da ya fi kusa da inda ka ajiye mota. Ba laifinka ba ne. Idon direba yana kan rami da kwana da allurar zafin inji, kunnensa yana kan wayar mai kaya da ke tambayar ina aka kwana. Rabin garuruwan da ka ratsa cikin dare ka ratsa su. Shekara 27 kana keta tsakiyar wuraren da wasu suka ƙetaro hamada da teku don su gani, amma sana'arka ba ta taɓa ba ka sararin tsayawa ba. Akwai rabin tafiyar da ba ka yi ba, ƙanena, shi ne littafi zai iya ba ka, kuma kai zai fi bai wa fiye da ni ko 'yarka.

Ɗauki hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda ake hango ta tun kafin a shiga gari, ta laka mai itatuwa a tsire a jikinta. Tsawonta ya kai mita 27. Tun farkon ƙarni na 16 aka fara gina ta, aka sake ta a 1844. Shekara shida bayan sake ginin, a watan Oktoba na 1850, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarim, ya shiga garin ya rubuta abin da ya gani: kasuwa, da fadar sarki, da unguwannin da suka zama kufai saboda ciniki ya ja baya. Daga ƙasar Abzin ya biyo ayarin gishiri ya gangaro kudu. A Damargu, wato yankin Tanut da ka sani, suka fara rabuwa da abokan tafiyarsa biyu, ɗaya ya nufi Damagaram, ɗaya ya yi Gobir da Maraɗi, shi kuma ya biyo ta Tasawa da Katsina, ya shigo Kano a farkon Fabrairu na 1851. Abin da kake cinyewa a 'yan kwanaki, shi ya fi wata ɗaya da rabi yana takawa a kan raƙumi, yana rubuta sunan kowace rijiya da kowane irin itace. Ya ƙiyasta mazauna Kano na lokacin da kimanin dubu 30, ya kuma faɗi yadda tufar da aka saƙa aka rina a nan take kaiwa har Tumbutu da Tarabulus.

Littafin nasa da Turanci yake, kuma yana da girma, an ɗauki hoton shafukansa an zuba a intanet kyauta. Ga inda 'yarka za ta shigo. Idan ta karanta inda yake cewa sun fito daga tsandaurin hamada sun fara ganin gonakin gero da rumbuna, ita kalmomi kawai take gani. Kai kuwa ka san wurin, ka san inda ƙasa take sauya launi, ka san warin ƙurar. Ita tana da Turancin, kai kana da ƙasar. Ta fassara maka, ka fassara mata.

Na ga wannan da idona, shi ya sa nake faɗa da ƙarfin gwiwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, falken goro ne. Ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Kano da Kumasi, har zuwa 1969 da gwamnatin Gana ta lokacin ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasar, ya tattaro ya dawo gaba ɗaya. Bayan 'yan shekaru yanar ido ta rufe masa gani. Mutumin da ba ya zama sai ga shi a zaure daga safe har magariba, ya koma mai saurin fushi kamar yadda ka kwatanta kanka. Ina kwalejin horon malamai a lokacin. Wani hutu, don dai in rage masa shiru, na ɗauko littafin labarin ƙasa na makaranta ina karanta masa babin Gana ina mayarwa Hausa. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu ya ce in tsaya, wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a bakin ruwan Yeji yana jiran fito ba. Ya shiga ba ni labarin sauron wurin, da yadda ake kwance huhu a hanya a yayyafa wa goro ruwa, a tsince wanda sankara ta kama, a sauya ganye, domin goro ɗaya in ya lalace sai ya ɓata na kusa da shi. Na koma ɗalibi shi malami.

Can gaba muka zo inda littafin ya bayyana dalilin da ya sa ƙasar Asante take samun damina biyu a shekara: ruwan yana ratsa su sau ɗaya idan yana hawowa arewa wajenmu, ya sake ratsa su idan yana komawa kudu, shi ya sa kurmi yake tsayawa a can, itacen goro ya samu inuwa da laimar da yake so. Tsohon nan ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Ashe haka ne. Shekara ashirin ina ci da itacen nan ban san dalilinsa ba." Daga ranar shi yake aikowa a kira ni bayan la'asar. Idonsa bai dawo ba har ya koma ga Allah, kewar hanya ma ba ta bar shi ba, amma zauren ya daina zama masa kurkuku.

Ka fara da abin da za ka karanta da kanka, cikin harshenka. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano shi ma ya je karatu London a 1946, ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Ka lura sunayen nan biyu duk bayanka suke goyo, masu su sun yarda da kai cewa tafiya babban abu ce. Amma da suka dawo sai suka zauna suka rubuta ta, saboda dubban 'yan'uwansu da ba za su taɓa taka jirgin ruwa ba. Ƙananan littattafai ne, Hausarsu mai sauƙi. 'Yarka ta tambaya a shagunan littattafan Hausa da Laburaren Murtala Muhammad a nan Kano, ko a wajen malaman sashen Hausa na jami'arsu.

Kafin su duka akwai Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta aka kai Barno. Abokin tafiyar Barth ne ya fanshe shi, daga baya ya bi Barth har Tumbutu, ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus, ya isa London a 1855. A can ya zauna ya ba wani Bature mai nazarin Hausa, Schön, labarin rayuwarsa da bakinsa, aka rubuta da Hausa, aka buga a 1885. Ya dawo gida daga baya, a Kano ya rasu a 1912. Ina so ka riƙe sunan yaron nan, zan dawo kansa.

Wanda na fi so ka ji labarinsa kuwa shi ne Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko. Ya bar gida a 1325 yana da shekara 21 da niyyar aikin hajji, bai dawo ya zauna ba sai bayan kusan shekara 30, ya taka Indiya har ƙasar Sin. Tafiyarsa ta ƙarshe wajenmu ya yo. A 1352 ya bi ayari daga Sijilmasa, bayan kwana 25 suka isa Tagaza, garin da gidajensa da masallacinsa da tubalin gishiri aka gina su, aka rufa da fatun raƙuma. Ya faɗi yadda ayari yake ɗaukar hayar mutum guda ya riga su zuwa Walata don a taro su da ruwa, in mutumin nan ya ɓata a hanya ayari ya halaka. Ya ce jagoransu ido ɗaya gare shi, ɗayan ma ba lafiyayye ba, amma babu wanda ya kai shi sanin hanya. Na tabbata ka taɓa sanin direba ko yaron mota irin wannan. Da ya isa birnin Mali a zamanin Mansa Sulaiman, su shida suka ci wani abinci na saiwa, duk suka kwanta, ɗaya ya rasu, shi kuma ya yi wata biyu yana jinya a ƙasar da ba tasa ba. Gwanin tafiyar zamaninsa ke nan, shi ma ciwo ya taɓa kwantar da shi yana jin ayari na tashi ba shi a ciki.

Da ya warke ya bi ta Tumbutu da Gawo, a 1353 ya sauka Takedda, garin tagulla, wanda masana suke nuna kufansa yamma da Agadas, can wajen Ingal. Idan ka biyo ta Tawa da Abalak, ƙasar tana hannunka na hagu. Ya ce daga nan ake kai tagulla Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana da yawa suke ganin Gobir ce. Da Larabci littafin yake. A nema wajen masu sayar da littattafan Larabci a Kasuwar Kurmi, ka roƙi malamin unguwarku ko wani ɗalibinsa ya riƙa zuwa bayan la'asar yana karanta muku babin ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na baƙar fata. Babin ba shi da tsawo. Zuwa duba marar lafiya lada ne, ga shi an haɗa da ilimi, da wuya malami ya ƙi.

Goron da kake ɗaukowa daga Shagamu ma yana da nasa tarihin, kuma tarihin sana'arka ne. Kafin mota da jirgin ƙasa, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suke ɗora wa jakai kanwa da tufafi da kayan fata, su yi fito a Kwara wajen Yawuri, su keta Bargu, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su sayo goron da aka fito da shi daga kurmin Asante. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, ana yada zango ana tashi, ana biyan kuɗin fito da na sarakunan hanya. Zuwa da dawowa yakan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara. Kalmar zango ta zauna daram a Gana har yau, ita ce sunan unguwannin baƙi Musulmi a Kumasi da Ankara. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai lissafi ya sauya, goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko a ɗora shi a jirgin ƙasa, manoman ƙasar Yarabawa kuma suka rungumi shuka irin goron da muke ci, har Shagamu ta zama abin da ka sani. Shingen da kake tsayawa kana ciro takardu, madugu ma ya tsaya a irinsa yana ciniki da bakinsa. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan fatauci a jami'o'inmu, wasu da Hausa. Ka ce wa 'yarka ta nemo maka su.

Hanyarka ta gabas ita ce tsohuwar hanyar alhazai. Daga Injamena inda kake juyowa, su gaba suke yi, Abeshe, Janaina, Fashir, Ubayyid, har bakin Bahar Maliya, da ƙafa ko a kan jaki, suna tsayawa suna ƙwadago a gonakin auduga don su tara guzuri, wasu su shekara biyar ko goma, wasu su zauna can har abada. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ci, domin ɗan ne ya ci gaba da jama'a gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Game da nauyin da ƙirjinka yake yi, ina so ka san ba kai ka fara ba, kuma ba raunin imani ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun yana saurayi, ya bi malaminsa Malam Jibrila ɗan Umar har Agadas, wannan Agadas ɗin taka. Malamin ya wuce hajji, shi kuma ya dawo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa na wannan doguwar tafiya ba. Yana da kimanin shekara ashirin ya tsara ƙasida ta Larabci cike da begen zuwa Madina, wadda har yau ake rerawa a makarantun zaure. Ya rayu har 1817, Allah bai nufe shi da zuwa ba. Makka da Madinar da bai taka ba, ta karatu ya san su, ya kuma sanar da dubbai. Bege bai hana shi aiki ba, aiki kuma bai kashe begen ba. Ka tuna kuma da hadisin da Buhari ya ruwaito, cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana lafiya yana gida. Shekara 27 kana cikin rukunin matafiya, yanzu kana cikin na marasa lafiya, duka biyun an ambace su a wuri guda.

Akwai ƙananan abubuwa da in ba a gyara ba duk maganar nan ba za ta yi amfani ba. Na farko ido. Mai shekara 52 da wuya ya karanta ƙananan haruffa ba gilashi, ko da kuwa yana hango akuya a kan titi daga nesa. Mutane da yawa suna cewa karatu yana sa su ciwon kai ko barci, alhali gilashin karatu kawai suke bukata. Ranar da za a kai ka ganin likitan ƙashi, a biya da kai wajen masu auna ido. Sannan a samo babbar taswirar Afirka ta Yamma a manna a bangon da kake fuskanta, duk garin da aka ambata ka neme shi, ka auna shi da hanyar da ka sani. Kada ka ɗora wa kanka lodin da ya fi ƙarfinka: shafi uku ko huɗu bayan sallar asuba, kafin gida ya ɗauki hayaniya, sun isa a farko. Littafin da ka yi kwana uku bai kama ka ba, ajiye shi ka ɗauki wani, ba alkawari kuka yi ba. Ka kuma rage kallon gajerun bidiyon nan na waya, musamman da dare. Suna wulga maka gari ɗari a sa'a guda, ka ajiye wayar ba ka riƙe ko ɗaya ba, barcin ma ya gudu.

Idan abokan tasha suka zo dubiya, kada ka ɓoye littafin. Karanta musu labarin jagoran nan mai ido ɗaya ka ga yadda ɗakin zai kaure da musu.

Maganar jiki kuwa ta likita ce, ka bi ta sau da ƙafa. Ranar da aka ce ka fara gashin ƙashi ko taka ƙafar da sanda, ka yi ko da zafi, ranar da aka ce kada ka taka, kada gaggawar komawa mota ta sa ka taka. Masu zuwa dubiya za su kawo maka sunayen masu ɗori iri-iri, ƙafar da aka sa wa ƙarfe ba a kai ta a ja. Rashin barcin nan da nauyin ƙirji idan ka ji ƙarar mota, ka faɗa wa likita su kamar yadda ka faɗa mini. Sananne ne ga wanda ya tsira daga haɗari, kuma ana taimaka wa mutum a kai. Ina roƙonka kada ka aika kemis a sayo maka ƙwayar barci ko ta kashe zafi ba da takardar likita ba, ka fi ni sanin direbobi nawa ƙwaya ta raba da sitiyari.

Yanzu bari mu zo kan uwargida, domin a nan ne wasiƙarka ta fi taɓa ni. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Tayar da ta fashe tana can gefen titi, wadda take ɗaga ka tana kwantarwa, tana kai ruwa tana kawowa, ita take shan faɗan. Karin maganar da ka jefa wa 'yarka, ka sake auna ta da kyau. Wa ya fi daɗewa a zaune a gidan nan? Baiwar Allah nan ta shekara ashirin da wani abu tana jin sunayen Jabba da Shagamu da Kusiri a bakinka, tana haɗa maka kaya, tana kwana da fargaba duk daren da wayarka ba ta shiga ba, ba ta ga ko ɗaya daga cikin garuruwan ba. Watanni uku na zama sun ishe ka haka, ita fa? Ka kira ta yau, ba gobe ba, ka ce ta yafe maka, da bakinka, ba ta hanyar aiken yara ba. Sannan in an zauna karatun nan a kira ta. Nuna mata gadar Jabba a taswira, ka gaya mata yadda Kwara take idan ta cika, da yadda ake shayar da shanu a hanya don kada su faɗi a mota. Tana da haƙƙin wannan labarin, da kuɗin cefanen da aka samo a hanyar aka yi renon 'ya'yanta.

'Yarka kuma, ka sa a ciro littattafan daga ƙarƙashin gado a kaɗe musu ƙura kafin ta dawo, ta tarar da ɗaya a gefen matashinka. Ba sai ka yi dogon bayani ba, za ta gane. Ta zuzuta maganar da ta ce za ka ga duniya kana kwance, amma yarinya ce da ta ga mahaifinta yana ƙuna, ta kawo abin da take da shi. Wataƙila ma daga kuɗin abincinta na makaranta ta saya.

Na ce zan dawo kan Dorugu. Da bai zauna a ɗaki ya ba da labarinsa an rubuta ba, da yau babu wanda ya san ya taɓa rayuwa. Ibn Baɗuɗa ma bai rubuta littafinsa a kan raƙumi ba. Sai da ya koma Fas ya zauna, sarki ya haɗa shi da wani marubuci, Ibn Juzayyi, yana faɗa ana rubutawa, suka kammala a 1355. Kai ma kana ɗauke da abin da babu shi a kowane littafi: yadda hanyar Ikko take lokacin da ka fara da yadda ta koma, nawa ake lodin shanu a da, inda ake samun ruwa tsakanin Tanut da Agadas, sunayen da direbobi suka raɗa wa kwanoni da gangare, iyayen gidan da suka koya maka mota. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Kowace rana ka ɗauki hanya ɗaya, ka tashi daga tasha ka bi ta gari-gari da bakinka har ka sauke kaya, 'yarka ta mayar da shi rubutu idan ta samu hutu. Wata shidan da likita ya yanka maka za su ishe ka ka gama Ikko da Agadas, wataƙila har da Injamena.

Idan kun kai Takedda a karatun, ka rubuto mini ka faɗa mini ko ƙasar da mutumin Tanja ya kwatanta ta yi kama da wadda ka gani da idonka bayan Abalak. Ina jiran wasiƙarka. A gaida uwargida da jinya, Allah ya ba ka lafiya.